Idan Mita Ta Ce Ana Bin Ku Bashi, Kada Ki Fara Da Maƙwabciya

'Yar'uwa, idan kina zaune a gidan da ɗakuna huɗu ko biyar ke shan wuta daga mita guda, kin san babu abin da ke saurin haɗa mata faɗa kamar kuɗin wuta. Daga Ikara zuwa Maƙarfi har Kudan haka zaman yake: a yi karo-karo, a aiki yaro ya sayo kati, a danna lambobin nan 20, kowacce ta koma kan sana'arta. Wannan da firjin zoɓo da kunun aya, waccan da ƙanƙara. Ranar da aka ga ɗan layin debewa a gaban lambar mita, wato an cinye har an shiga bashi, ranar ake fara kallon-kallo.

Mu ma ya taɓa samun mu a Maƙarfi, ana tsakiyar zafin bazara. Mun haɗa naira 8,000 mu huɗu, aka loda, nan take rabin yunit ɗin ya tafi cike ramin da babu wadda ta san da shi. Kafin la'asar an yanke hukunci: Maman 'Yan Biyu ce, tunda ita ce mai babban firji. Har aka hana yara shiga ɗakinta. Da ma'aikaci ya zo ya duba, ashe makunnin cikin mitar, wanda ke yanke wuta idan kati ya ƙare, shi ne ya maƙale. Wuta ta ci gaba da zuwa, mita ta ci gaba da ƙirgawa ƙasa da sifili, kuma dukkanmu muka sha. An gyara mita a yini guda, amma gaisuwa sai da ta yi wata kafin ta dawo daidai.

Ki sani, mita na'ura ce, tana kuskure. Kin tuna ranar 24 ga Nuwamba, 2024, da aka yi ta sanarwa kowa ya loda wasu lambobi na musamman guda biyu? Lambar shaida da ke cikin kowane kati, wadda ke ƙirga mintuna tun 1993, ita ce ta cika, mitar da ba a sabunta ba ta daina karɓar sabon kati.

Akwai wasu hanyoyin da yunit ke zurarewa. Sabuwar mita takan zo da 'yan yunit a ciki, ba kyauta ba ne, a sayen farko ake cirewa. Tsohon bashi na zamanin bil ɗin ƙiyasi, ko na ɗan hayar da ya tashi, akan riƙa tsakurarsa a kowane saye. Wani lokacin kuma kwamfutar lissafi ce ke ɗora wa gida bashin da ba nasa ba.

Don haka ku samu littafi guda na gida. A rubuta wadda ta ba da kuɗi, nawa ta bayar, da ranar. Kafin a loda a ɗauki hoton fuskar mita da waya, bayan an loda a sake ɗauka. A adana rasit, domin a jikinsa ake nuna abin da aka cire. Kada ku bari mai gyaran unguwa ya ɓalle hatimin mita, tara ce za ta biyo baya.

Idan lissafi bai daidaita ba, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin wuta, ku karɓi shaidar an amsa. Ƙa'idar hukumar NERC ta ba su kwanakin aiki 15. In shiru, hukumar tana da ofishin sauraren koke a Kaduna.

Kuɗin da na'ura ta cinye bisa kuskure ana iya bin sa da takarda a dawo da shi. Maganar da kika gaya wa matar da za ta riƙe miki yara ranar da kika kwanta ciwo, babu ofishin da ke mayar da ita. Allah ya bar mana zumunci.