Dogon Yaro da Gawo a Sakkwato

Duk wanda ya taso daga birnin Sakkwato ya nufi mazaunin jami'a a Dundaye, itacen da zai fi cika masa ido shi ne dogon yaro. Baƙo ne kuwa, asalinsa daga Indiya, amma ya mamaye tituna, har tsamiya da kurna suka zama abin nema.

A 1934 wani masani ɗan Rasha, Gause, ya zuba ƙananan halittu iri biyu masu cin abinci ɗaya cikin kwalba guda, sai ɗaya ta ƙarar da ɗaya. Daga nan masana suka ce iri biyu masu bukata ɗaya ba su daɗewa tare.

To, amma Sakkwato ba kwalba ba ce. Dogon yaro dasa shi aka yi, kuma ɗacin ganyensa ya sa ko jar akuya ba ta cika kula shi ba. Manomi kuwa gawo yake bari a gona, domin da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana. Sai rani ya kama sannan ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa.