Zare: Yadda na zaɓi mashin ɗin kwalta da daji, da abin da na ɗaura masa

1/
Tun da na saka hoton mashin ɗina ake ta tambaya ta inbos: wane iri ne, me ya hana ni sayen Boxer kamar kowa, me na ƙara masa. Maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, bari in zube komai a nan. Zaren da ɗan tsawo fa, ku gyara zama. 🧵

2/
Ni ɗalibi ne, ina aji uku a fannin noma a Samaru, Zariya. Gidanmu wani ƙauye ne can bayan Anchau, a ƙaramar hukumar Kubau. Tun rasuwar Babanmu, Allah Ya jiƙansa, gonar masararmu ta dawo wuyana, don ni ne babba. Daga ita ake ci, daga ita ake biyan kuɗin makarantata da na ƙannena uku.

3/
Yawancin hanyar gida kwalta ce. Amma kilomita 14 na ƙarshe burji ne da yashi, ga rafi biyu babu gada. Daga Yuli zuwa Satumba motar haya ba ta shiga. Kuma daidai lokacin ne masara ke neman taki na biyu, lokacin ne tsutsar nan mai cin zuciyar masara ke ɓarna. Ka makara da sati ɗaya, a rumbu za ka gani.

4/
Ke nan abin da nake buƙata shi ne mashin da zai yi tafiyar kwalta ranar Juma'a bayan lakca, ya ratsa taɓo da kaya a bayansa, ya kuma dawo da ni aji ranar Litinin. Akwai jinsin babura da aka ƙera don haka musamman. Yamaha DT-1 na 1968 ne ya fito da sunan wannan jinsi, daga nan sauran kamfanonin Japan suka bi sahu.

5/
Da abu huɗu ake gane su:
• Cikinsu ya yi nesa da ƙasa, dutse ba ya saurin dukan inji.
• Shokozoba doguwa, mai shanye rami.
• Tayar gaba ta fi ta baya girma, tana hawa kan gargada cikin sauƙi.
• Wili mai waya, wanda ke lanƙwasa kaɗan ya jure, inda na ƙarfen zubi kan tsage.
Sai fitila, sigina, madubi da wurin lamba, don doka ta yarda ka hau titi da su.

6/
Kuɗin da na riƙe na shekara biyu ne na gyaran waya a hostel, da kuɗin buhunan masarar da Inna ta ce rabona ne. Harbi ɗaya gare ni. In na sayi abin da bai dace ba, babu mai ba ni wasu. Shi ya sa na ɗauki wata uku ina zagaya garejin bakanikai ina tambaya, har wasu suka fara ce min ɗan jarida.

7/
Na farko a lissafina Yamaha AG200. Don manoman Ostareliya da makwabtansu aka ƙera shi: inji cc 196, sarƙa a rufe cikin gida, kariya gaba da baya, jak a kowane gefe. Ƙungiyar Riders for Health ta daɗe tana ɗora ma'aikatan lafiya a kansa a ƙauyukan Afirka. Jaki ne na gaske. Amma a kwalta ba shi da sauri, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna.

8/
Na biyu tsohon Yamaha DT125. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙararsa, shi malaman gona da masu duba gari suke hawa. Ba shi da nauyi, ga zafin tashi. Matsalarsa inji ne mai bugu biyu, yana ƙona man 2T tare da fetur, kuma yana sha. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗalibi ba ya wasa da lissafin lita.

9/
Na uku Boxer. Kar wanda ya raina shi, wallahi shi ke riƙe da ƙauyukanmu. Kayansa har a kasuwar ƙauye, duk yaron bakanike ya san cikinsa. Da hanyarmu burji ce zalla, da shi zan saya in huta. Amma na sha hawa bayan 'yan acaɓa a rafinmu, na san inda cikinsa ke dukan dutse, na san inda ake sauka a tura.

10/
Na huɗu, wanda na ƙare a kansa: Honda XR150L na hannu, cikin waɗanda wata ƙungiya ta yi gwanjonsu da ta kammala aikinta. Inji cc 149, iska ke sanyaya shi, giya biyar, kafireta ce ba kwamfuta ba. Nauyinsa wajen kilo 130, tsakanin cikinsa da ƙasa kusan santimita 24. Tayar gaba inci 19, ta baya 17.

11/
Wani dattijon bakanike da muke kira Baba shi ya yanke min shawara. Ya ce: "Yaro, mashin ba don hanyar da ta fi tsawo ake saye ba, don inda ya fi muni ake saye. Kwalta kowa ma ya iya ta. Sannan ka tambayi kanka, in ya tsaya a dajin, wa zai buɗe shi?" Kafireta da fulogi kowa ya sani. Nan magana ta ƙare.

12/
Ga abin da muka duba ni da Baba kafin in miƙa kuɗi:
• Mun je da sassafe, inji a sanyaye, don mai zafi yana ɓoye ciwo.
• Hayaƙin salansa: in shuɗi ne, yana cin baƙin mai.
• Ƙafafun gaba: ko mai na tsatsafowa.
• Haƙoran sufoket: in sun yi tsini sun karkace, sarƙa ta gaji.
• Wuyan firam da ƙarƙashinsa: ko akwai sabon walda da aka shafe da fenti.

13/
Sai lambar inji da lambar firam, mu ga sun yi daidai da na takarda, harafi da harafi. Rasit na asali, takardar canjin mallaka, shaidu biyu. Mashin mai arha marar takarda ba arha ba ne, sammaci ne ka saya da kuɗinka.

14/
Wani abu da ba a cika faɗa ba: tsayi. Waɗannan mashina dogaye ne. Ka hau, ka sauke ƙafa. In ba ka iya dasa ko da tafin ƙafa ɗaya sosai a ƙasa ba, ka yi tunani, don a tsakiyar rafi da buhun taki a baya ƙafarka ce jak ɗinka. Ka kuma kwantar da shi ka gwada ɗagawa kai kaɗai. A daji babu mai kama maka.

15/
Yanzu kayan da na ɗaura. Tun kafin ciniki na ware kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, na ce wannan ba na mashin ba ne, na jikina ne da takardu. Abu na farko hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT, sabuwa. Ta hannu ba ka san faɗuwar da ta sha ba, kuma soson cikinta sau ɗaya yake aiki.

16/
Na san mu da hula sai a hankali. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a ka. Muna dariya, amma alƙaluman da WHO ta daɗe tana kawowa sun ce hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kashi 69. Ni mutum huɗu ke jiran kan nan nawa a gida.

17/
Bayan hula: safar hannu mai kauri, don in mutum ya faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa. Takalmi mai rufe idon sawu, ban da silifa ko da zafi ya kai ina. Abin kare gwiwa a ƙarƙashin wando. Rigar ruwa. Da riga mai ƙyalli, wadda zan dawo kanta a ƙasa.

18/
Sai mashin ɗin kansa. Taya ce gaba da komai. Mai manyan ƙuraje zalla tana cizon taɓo, amma a kwalta tana saurin cinyewa, in an yi ruwa kuma tana santsi. Mai sulɓi kuma a laka sai addu'a. Na ɗauki ta tsakiya, wadda ake kira rabi da rabi. In na iso yashi nakan rage iska kaɗan don ta baje, in na dawo kwalta in mayar. Shi ya sa famfo ba ya barin jakata.

19/
Ku lura da wannan: tayar baya inci 17 ce, irin faɗin wilin Boxer, don haka tib ɗinta ba ya wahalar samu. Ta gaba mai 19 ita ce baƙuwa a ƙauye. Saboda haka tib 19 nake yawo da shi kullum. In ta ɓaci ma yakan shiga baya ya lallaɓa da kai zuwa wurin mai faci.

20/
Wajen mai walda na yi abu biyu: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, da kariya mai faɗi a baya wadda ke ɗaukar buhu ɗaya a kwance. Na ce masa da noti za a ɗaura su, kar wuta ta taɓa firam. Sai abin kare hannu a kan sitiyari, don faɗuwa ɗaya kan karya hannun kuloci, kuma mashin babu kuloci a daji kaya ne.

21/
Sufoket ɗin baya na ƙara masa haƙora kaɗan. Hakan na rage gudun ƙarshe, amma yana ƙara ƙarfin ja a hawa da cikin taɓo. Abokaina na tsokanata wai Boxer na wuce ni a hanyar Soba. Su wuce mana. A rafi na biyu muke gaisawa. 😄

22/
Abin da ke cikin jakata kullum: sifana uku, filaya, ƙarfen cire taya biyu, kayan faci, famfo, fulogi, mahaɗin sarƙa, wayar kuloci, robar ɗaure kaya, tocila, ruwan sha, bandeji. Abin da ban saya ba: salansa mai ƙara, fitilu masu launi, sitika. Ba haramun ba ne, kuɗin ne ba su kai nan ba, kuma akwai wani dalilin.

23/
Dalilin shi ne, a Arewa yau mashin ba abin hawa ba ne kawai. Kano ta hana acaɓa a 2013. A ƙarshen Satumban 2021 Kaduna ta dakatar da hawan babur na wata uku saboda tsaro, jihar Neja ma ta hana sayar da wasu nau'o'in babura a shekarar. Saurayi a kan dogon mashin mai tayar daji, fuska a rufe, ya fito daga jeji, kun san abin da mutane za su fara zato.

24/
Don haka shirin mashin har da shirin yadda za a gan ka. Lamba a fili, a wanke. Lasisi ajin A, inshora da takardu a leda cikin aljihu, tare da katin makaranta. Riga mai ƙyalli a kan kaya. In na doso shinge ko bakin gari, tun daga nesa nake rage gudu in ɗaga gilashin hula, in yi sallama. Na kuma kai mashin ɗin gaban mai gari da 'yan sintirinmu, suka gan shi suka san nawa ne.

25/
Inna ba ta so ba da farko. Ɗan yayarta a kan mashin ya rasu. Da Kawu ya sa baki sai ta ce: "Na yarda, amma da sharaɗi uku. Ba ka tafiyar dare, ba ka hawa babu hular nan, kuma in rafi ya kawo ka jira shi." Na ce to, Inna. La'asar ta yi min a Zariya, tafiya ta koma gobe. Har yau a kan haka muke.

26/
Sharaɗinta na uku ma ilimi ne. Ruwan da ke gudu, in ya wuce gwiwa, yana iya ɗauke mutum da mashin ɗinsa. Kuma in ruwa ya shiga ta wurin shan iska, inji ya tashi aiki. Nakan sauka in taka da ƙafa tukuna, in ga zurfi da inda ƙasa ta yi tauri. Sannan giya ɗaya, wuta daidai, ido a kan gaɓar can.

27/
Kulawa kuwa ba ta da yawa, naci take so. Juyen baƙin mai a kan lokaci. Matatar iska a riƙa dubawa, musamman da hunturu, don ƙura ita ke cinye inji a ɓoye. Sarƙa a wanke a sa mai bayan kowace tafiyar laka, kuma kar a ɗaure ta tamau, doguwar shokozoba na buƙatar sarƙa mai ɗan sassauci. Wayoyin wili a riƙa ƙwanƙwasawa, wadda ta saki a ɗaure.

28/
Daminar bana sau goma sha ɗaya na je gida na dawo, lakca ɗaya ban rasa ba. Taki ya shiga a kan kari, feshi ma haka. Ranar da ƙanwata ta kwana da zazzaɓi, a bayansa muka kai ta asibiti da safe, ita da Kawu na riƙe da ita. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

29/
In kai ɗan cikin gari ne, daga gida sai makaranta, ka bar wa masu shi, ƙaramin mashin ya ishe ka kuma ya fi sauƙin mai. In kuwa akwai inda kwalta ke ƙarewa alhali tafiyarka ba ta ƙare ba, to ka fara zuwa ka auna wurin, ka nemi bakaniken yankin, ka ware kuɗin hula, sannan ka shiga kasuwa.

Masu AG200 da DT, ku zo ku kare kanku a ƙasa, ina jira. Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya. 🤲