Sanarwar Rasuwa a Ƙarƙashin Tarin Gaisuwar Juma'a

Waɗanda suka daɗe suna bin abin da nake rubutawa a wannan shafi sun san ba al'adata ba ce in yi magana ina cikin ɓacin rai, domin abin da aka faɗa da zafin zuciya galibi sai an dawo ana neman afuwa a kansa. Amma abin da ya faru ranar Juma'ar nan ya tsaya mini a rai, na bar shi ya kwana ko zai huce, bai huce ba.

Wani dattijo daga cikin mutanenmu, wanda ya tsufa a unguwar Treichville a nan Kwaddebuwa, Allah ya yi masa rasuwa da asubahin Juma'a. Ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa, amma da yawa daga cikin waɗanda yau suke da rumfa a Adjamé, har suna da yaran shago, a ɗakinsa suka fara shimfiɗa tabarma ranar da mota ta sauke su daga Maradi ko Tawa ko Ƙonni, ba su san kowa ba, ba su jin Faransanci balle Julanci. Ɗansa ya sa sanarwa a zauren WhatsApp na mutanen garinmu tun hantsi bai dubi ludayi ba, ya faɗi masallacin da za a yi masa salla bayan an sauko daga Juma'a, ya ce makabartar Williamsville za a kai shi. Zauren nan mutum ɗaruruwa ne a cikinsa. Mutanenmu da suka raka gawa ba su cika motar gbaka ɗaya ba.

Ni ma ba a waya na ji ba, maƙwabcinsa ne ya aiko yaro ya buga mini ƙofa. Da muka dawo na buɗe zauren ina neman sanarwar, sai da na yi ta ja da yatsa sama har hannuna ya gaji kafin na same ta, layi uku kacal, a matse tsakanin hoton fure mai ɗauke da barka da Juma'a da bidiyon wani mai tallan maganin basir. A samanta da ƙasanta kuwa gaisuwar Juma'ar ce dai iri ɗaya daga hannu daban-daban, da wa'azin da aka yanko kansa aka bar gindinsa, da saƙon murya mai tsawon minti goma a kan siyasar gida, da gardamar ƙwallo. Bayan isha'i, da wani ya sa hoton marigayin, sai addu'o'i suka ɓarke, kowa yana cewa wallahi bai gani ba sai yanzu. Kuma na gaskata su, ba ƙarya suke yi ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai, domin da ƙin zuwa suka yi da gangan, da mun san cutar da za mu yi wa magani.

Akwai wani yaro mai sayar da garba, abincin nan na aceke da kifi, kusa da inda nake karyawa, wanda shi ma ya kwana a ɗakin dattijon nan a shekararsa ta farko. Wayarsa tana jingine da gwangwanin kuɗi, gilashinta a tsage, tana ta ɓari a kan tebur alhali hannunsa ɗaya yana auna aceke, ɗayan yana juya kifi a cikin mai. Na ga jan lamban da ke nuna saƙonnin da bai buɗe ba ya haura dubu. Na ce masa, “Ɗana, duk wannan yaushe za ka karanta?” Ya goge babban yatsansa a gaban riga ya ce, “Baba, ai ba karantawa nake ba, gogewa nake, in ba haka ba wayar cika take ta tsaya.” Sai ranar Asabar ya ji labarin rasuwar, daga bakin mai sayen garba, kuma na ga yadda ya ajiye cokalin ya yi shiru.

Abin da nake kuka da shi ke nan, kuma shi kaɗai ne: wannan na'ura ta rushe martabar da ke tsakanin magana da magana. A da, labari yana zuwa da darajarsa a jikinsa, ta yadda tun kafin a buɗe baki ka san nauyin abin da za a faɗa; idan direba ya ɗauko wasiƙa ko kaset daga gida, ya ratsa Yamai da Wagadugu da ita har tashar Adjamé, ka san ba don a tambaye ka ya ruwa aka aiko ba, idan kuma ladan ya ce jama'a a ɗan dakata bayan sallama, kowa zai koma ya zauna. Yanzu kuwa ƙara ɗaya waya take yi wa mutuwa da talla, haske ɗaya, girma ɗaya, kamar mai awon da ya zuba tsaba da ƙaiƙayi a mudu ɗaya ya ce kai ka tsince. Wanda yake tsaye a rumfa tun safe har magariba ba shi da lokacin tsinta, don haka sai ya zubar da duka.

Kada wani ya ɗauka abin na marasa boko ne. Kun san aikina na fitar da kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ruwa, kuma rabin aikin nan a imel yake. Wasiƙar da ke sanar da ni cewa kwanakin da aka ba kwantena kyauta sun kusa ƙarewa, wadda in ta wuce ni mai kaya zai biya kuɗin jinkiri da zai cinye ribarsa, a akwati ɗaya take faɗowa da mujallar otal ɗin da na taɓa kwana sau ɗaya, da ragin farashin kantin da ya karɓi adireshina a kan rasit, da gayyatar tarukan da ban san masu shirya su ba. Waɗannan ba bisa kuskure suke zuwa ba. Manhajojin da muke shiga kyauta da tallace-tallace suke ci, tallan kuma da tsawon zamanmu a gaban gilashi ake sayar da shi, saboda haka duk abin da zai sa ka sake ɗaga waya riba ce ga wani, ko da hasara ce gare ka. A Faransa abin ya kai har aka sa shi cikin dokar ƙwadago, wadda ta fara aiki a farkon 2017, cewa ma'aikaci yana da haƙƙin ya rabu da saƙonnin ofis bayan an tashi. Mu a nan layukan waya sun fi mutanen ƙasar yawa, har a ƙarshen Janairun 2021 aka mayar da lambobinmu daga takwas zuwa goma, amma ban ji inda muka zauna muka yi wa kanmu ƙa'idar abin da ya cancanci a tura da wanda bai cancanta ba.

Alhali mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron saƙon da ake turawa ba tahkiki. Ko mun manta 19 ga Mayun 2021, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, da aka yaɗa wani tsohon bidiyo na wata ƙasa aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kwaddebuwa? Kafin rana ta faɗi an far wa 'yan'uwanmu a Abobo da Yopougon da wasu unguwanni, an ji wa mutane raunuka, an wawashe rumfuna, mu a Adjamé muka rufe shaguna kowa yana buga wa nasa waya ya ji ko yana da rai. Kotu ta ɗaure wadda ta hura wutar shekara biyar, amma dubban yatsun da suka danna turawa ba wanda ya tuhume su. Na yi dogon rubutu a kai a lokacin, ba zan maimaita ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, al'ummar da malamanta suka ƙare rayuwarsu suna bin isnadi, suna tantance wane ya ji daga wane, suna ajiye ruwayar mutum saboda an san shi da rafkana ko da salihi ne, bai dace a ce 'ya'yanta ne ke karɓar magana daga lambar da ba su sani ba su watsa ta ga mutum ɗari kafin su kai ƙarshenta. Suratul Hujurati ta yi umarni da binciken labari kafin a yi aiki da shi, Imamu Gazali kuma ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan aibobin harshe, har da magana a kan abin da bai shafe ka ba da wuce gwargwadon buƙata. Ban ga hujjar da za ta fitar da yatsa daga wannan hukunci ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mini. Wani ƙanena ya ce, “Yaya, gaisuwar Juma'a ai zumunci ce, kuma tura wa'azi lada ne.” Ban musa cewa zumunci wajibi ne ba, amma hoton da ka tura wa mutum ɗari uku a danni ɗaya, ba ka kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, wa ka gaisar? Kuma ko mun ƙaddara mustahabbi ne, tun a makarantar zaure aka karantar da mu cewa ba a barin mustahabbi ya ture abin da ya fi shi. Jana'iza farilla ce ta kifaya, rakiyarta haƙƙi ne na musulmi a kan ɗan'uwansa, to ga shi furanninmu sun binne sanarwarta. Wa'azi kuwa, wanda ya saurare shi har ƙarshe, ya san malamin, ya ga akwai wani takamaimai da zai amfana, ya tura masa shi kaɗai, Allah ya ba shi lada.

Za a kuma ce ai da wayar nan muke ci. Haka ne, kuma na ga iyakar gaskiyar hakan ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar ƙasar nan, ƙasashe da dama na yankin suka shiga duhu. Aikina ya tsaya cik, masu aika kuɗin cefanen azumi gida suka rasa yadda za su yi, masu sayar da atamfa ta hoto suka zauna jugum. Ba na fatan a sake ganin irinta. Amma ku tuna abin da muka yi kewa a kwanakin nan: kuɗin da bai tafi ba, da muryar iyaye, da takardar kaya. Ban ji mutum ɗaya ya ce ya yi kewar gardamar zaure ba. Ashe mun san abin da ke da amfani, rarrabewar ce muka bar wa na'ura, ita kuwa ba ta rarrabewa.

Wanda zai ce kai ma ai a Facebook kake wannan dogon bayani, amsata ita ce shafina ba ya buga wa kowa ƙararrawa a aljihu yana cikin salla. Mai so ya zo ya karanta, wanda ba ya so ya wuce.

Ni ba masanin na'ura ba ne, abin da na iya kaɗan ne, amma yana yi mini aiki. Kowane zaure na rufe masa murya har abada, ban da na iyali da na aiki, ina duba sauran bayan la'asar in hali ya yi. Na hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, wanda ya rage mini kuɗin data, ya kuma hana wayar cika. A cikin saitin sirri akwai inda za ka zaɓi waɗanda ke da ikon jefa ka cikin sabon zaure, kada ka bar shi a buɗe ga kowa. Saƙon da ka ga kibiya biyu a kansa, alama ce ya daɗe yana yawo hannu zuwa hannu, kamfanin WhatsApp da kansa tun 2020 ya hana a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda, to kai ka zama inda zai tsaya. A imel kuwa, can ƙasan kowace mujallar talla akwai ɗan rubutu ƙarami na janye suna, a danna shi maimakon a riƙa gogewa kullum, sai dai in wasiƙar ta yi kama da ta 'yan damfara, wannan kada a taɓa komai a cikinta. Da dare wayata a falo take kwana, kira kaɗai ke shigowa, domin mai larura ta gaskiya kira yake yi. Wanda bai iya waɗannan ba, yaran da ke gyaran waya a kasuwa za su saita masa kafin ya sha shayi, ya dai tsaya a kansu, kada ya ba kowa lambar sirrin asusun kuɗinsa.

Sai dai gyaran mutum ɗaya ba zai hana abin ranar Juma'a sake faruwa ba, don haka ga abin da zan kai gaban shugabannin ƙungiyar mutanen garinmu a zaman Lahadi. A buɗe zaure na biyu wanda ba mai iya rubutu a cikinsa sai mutum uku da aka amince da su, kada a sa komai sai rasuwa da rashin lafiya mai tsanani da ɓatan yaro da wanda aka kama, ta yadda in ya yi ƙara kowa ya san ya ajiye abin da ke hannunsa. A kuma raba sunayen dattawa da waɗanda ba sa karatu ga matasa, na Treichville daban, na Adjamé daban, kowane saurayi ya san mutum biyar da zai kira da baki ko ya taka ya same su. Tsohon zauren a bar shi ga mai son hira. Wanda yake da ja a kan wannan shawara, ina roƙonsa ya zo zaman da ƙafarsa bayan la'asar mu tattauna, kada ya aiko mini da saƙon murya.