Yaɓe Kafin Damina

Gidanmu na gado a cikin birnin Kano, wajen Yakasai, da tubali aka gina shi, kuma tun tasowata ban ga katangarsa ta zube ba. Baƙi kan tsaya su ƙare wa zankwayen zaure da dagin goshin ƙofa kallo, su ce magina na da sun iya aiki. Sun iya, babu musu. Sai dai abin da na gani da idona shi ne ba a taɓa barin damina ta riske shi babu shiri ba.

Da bazara ta kankama, baffana kan hau soro ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya, yana zura kara ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Tsaga ko ta kai siririn zare sai an toshe ta. Rufin da laso ake shafe shi: katsi daga marina irin ta Ƙofar Mata, gashin jima daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara. Bango kuwa sai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mu yara namu ɗebo ruwa da cakuɗa ƙasa da ƙafa. A lokacin wahala muke ɗaukarsa, musamman in ya faɗo cikin azumi.

A wajen baffan na koyi cewa azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ɗigon ruwa na ruɓar da ita a ɓoye. Ba ta kuma ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2. Shi ya sa shigifarmu take da baka huɗu da suka haɗu a tsakiya, ɗaurin guga ke nan, dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Duk wannan gwaninta, rami ɗaya a soro ya isa ya kassara ta.

Wani maƙwabcinmu ya gaji da hidimar shekara-shekara, ya lulluɓe bangonsa da siminti. Ya yi kyau na ɗan lokaci. Siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna. Ruwa ya sami kafa ya shige, ya rasa hanyar bushewa, ƙasar ta jiƙe ta ciki har ɓarin bango ya zame a watan Agusta. Ban ga laifinsa sosai ba, don laso yanzu neman sa ake yi, kuɗinsa ma ba wasa ba.

Mu dai muna nan kan yaɓe, kuma a zafin Afrilu ɗakin kaka ne kowa ke rububin kwana, saboda kaurin bangon ba ya barin rana ta ratsa. Abin da ke damuna maginin ne. Dattijon da ke mana aikin ya fara gaza hawa tsani, 'ya'yansa kuwa duk bulo suke ɗorawa.