Ƙofa Mai Ruwan Ɗorawa



A garin Bath na ƙasar Ingila akwai wani layi mai suna Royal Crescent. Gidaje talatin ne manne da juna, an jera su a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Tun da na ga hotonsu a wani littafi nake bin labarinsu, shi ne na ce bari in kawo muku.

An fara gina su a 1767, aka gama wajen 1774. Wanda ya zana su shi ne John Wood ƙarami, ɗan wani magini mai irin sunansa. A Ingila an yi sarakuna huɗu a jere masu suna Joj daga 1714 zuwa 1830, don haka ake kiran irin wannan gini na zamanin Joj. Alamarsa ita ce daidaito: tagogi a jere, wannan bisa wancan, babu wanda ya kauce. Da dutse mai launin zuma aka gina su, wanda ake fasawa a tuddan da ke kusa da garin. A gaban layin akwai ginshiƙai 114.

Abin da ya fi burge ni shi ne fuskar gidajen kawai John Wood ya tsara. Duk wanda ya sayi wuri sai ya gina bayansa yadda ya ga dama. Shi ya sa ta gaba kamar fada guda ce, ta baya kuwa kowane gida da nasa rufin da nasa tsayin.

Yanzu gidajen suna cikin rajistar gine-ginen tarihi ta gwamnati. Rajistar tana da matakai uku, su kuma suna na farko, wato mafi daraja. Mai gida ba zai canza taga ko ya fasa bango ba sai ya nemi izinin hukumar gari. In ya yi gaban kansa, laifi ne, za a iya kai shi kotu. A 1987 ma hukumar UNESCO ta sa garin Bath cikin wuraren tarihi na duniya.

A shekarun 1970 matar da ke gida mai lamba 22 ta yi wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa, alhali fari aka saba. Hukumar gari ta ce sai ta mayar, ita kuma ta ce atafau. Magana ta kai har gaban minista, aka ce a bar mata ƙofarta.

Da na ba kawuna wannan labari sai ya yi dariya, ya ce, "Da gidana da kuɗina, sai wani ya zaɓa mini fenti?" Ni dai a ganina ministan ya yi daidai, domin fenti abu ne da za a iya shafewa gobe. Amma dokar ma tana da amfani. Da kowane ɗaya daga cikin mutum talatin ɗin ya cire ginshiƙansa ya sa gilashi, da yau babu abin kallo. Kyansu a haɗe yake, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ko a 1942 da jiragen yaƙin Jamus suka ƙona biyu daga ciki, gyara su aka yi, layin ya koma yadda yake.

Labarin ya tuna mini da soron gidan kakanmu mai azara da zane a bango. An rushe shi bara aka yi shaguna, ko hotonsa ba mu da shi. Ƙannena ba za su san yadda yake ba sai dai a ba su labari.

Shawarata ga 'yan ƙungiyarmu ita ce, wanda duk ke da tsohon gini a unguwarsu ya tambayi manya tarihinsa, ya rubuto mana mu liƙa a wannan allo.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu.