Maulidin da na yi a ƙasar Mai Wurno

Kafin mahaifinmu ya rasu ya damƙa mini wata tsohuwar wasiƙar ajami. Yayansa ne ya aiko ta, wanda ya fita daga Kano a ƙasa da niyyar Hajji tun yana saurayi, bai sake dawowa ba. "Tunda kana zuwa Sudan saro turare," in ji shi, "ka nemo mini jinina." Shekara huɗu ina shiga kasuwar Omdurman ina sayen humra da lafaya, ina cewa sai wani zuwan. Sai a Oktoban 2022, ana cikin watan Maulidi, na ajiye lissafin kaya na hau mota zuwa kudu.

Wani mai agashe ne ya karanta mini sunan ƙauyen. Agashe dai tsirenmu ne, mutanenmu suka kai shi can, har Larabawa suka riƙe sunan. Ya ce in wuce Wad Madani in sauka Sennar, daga nan kowa ya san unguwannin Hausawa.

Hanyar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, magudanan ruwa dama da hagu. Tun da aka kammala madatsar Sennar a 1925 aka buɗe wannan gagarumin noman auduga, kuma alhazan ƙasa da guzuri ya yanke musu suka riƙa tsayawa cirar auduga don su tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Wasu sun ƙarasa Makka, wasu aure da gona suka zaunar da su. Baffana yana cikin na biyun.

Na kwana a Wad Madani don in ga filin Maulidi. Kowace ɗariƙa da rumfarta da tutocinta: Ƙadiriyya, Sammaniyya, Khatmiyya, Tijjaniyya, ga kuma Ansar, mabiya Mahadi. Ana buga manyan ganguna da suke kira nuba, darwishai cikin koren kaya da jan faci suna juyi, hayaƙin lubban ya cika wuri. A gefe 'yan tireda sun jera alewar riɗi da ta gyaɗa, da 'yar tsanar sukari da ake saya wa 'yan mata, da doki na maza. Idon ɗan kasuwa ba ya barci: na ga cinikin dare goma sha biyu da zai riƙe gida wata da watanni.

Washegari na isa ƙauyen. Baffa ya daɗe da rasuwa, amma matarsa na nan, tsohuwa tukuf a kan gadon igiya. Na gaishe ta, na faɗi sunan kakanmu da unguwarmu. Ta yi shiru, sannan ta kamo hannuna. "Ɗana, sai yanzu? Har ya bar duniya yana cewa wani zai zo daga gida." Na ce, "Inna, a yafe mana, laifinmu ne." Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Aka kawo godo-godo, damun gero da nono, ɗan'uwan furarmu. Hausar Inna tsohuwa ce, irin ta kakanni, jikokinta kuwa sai sun haɗa da Larabci. Da dare aka hura wutar makarantar allo, malamai suka karanta Ishiriniya da irin muryar da na taso ina ji a Kano. Na rufe ido, na rasa a wace ƙasa nake.

Ɗan baffana ya kai ni Mai Wurno, kudu kaɗan da Sennar a bakin Shuɗin Nilu. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Shi ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin, kuma sarautar tana hannun zuriyarsa. A kasuwa Fulatanci, Hausa da Larabci duk tafiya suke yi. Mutanen ƙasar kuwa Fallata suke ce mana gaba ɗaya.

Wata shida da dawowata, ran 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, Singa ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024. Wayar ɗan baffana ta daina shiga. Wata biyar ba labari, sai ga saƙon murya daga Gadarif: sun tsira, amma Inna ta rasu a hanya. Allah ya jiƙanta.

Da na ƙara shekara ɗaya ina cewa sai wani zuwan, da ban same ta ba. Yanzu sunayen 'ya'yan baffa da jikokinsa su goma sha ɗaya suna rubuce a bayan littafin cinikina, kuma duk wata ina cire musu wani abu daga riba. Ɗan'uwa, in kana da naka a wata ƙasar da fatauci ke kai ka, ware kwana biyu ka je. Kaya za su jira ka.