Damagaram A Bakin Wata Dattijuwa

Uwargida, idan Allah Ya nufe ki da zuwa Damagaram, garin da Turawa suka rubuta Zinder a taswira, to ki fara koyon lissafin kuɗinsu tun kina cikin mota. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita ce kamar 240 daga Kano. Za ki wuce Kazaure da Daura, ki tsallaka iyaka a Kongolam, ki bi ta Matamaye. Hausar da kika baro ita za ki tarar, amma a kasuwar Dole idan mai alkaki ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Ɗari kuwa sefa 500, jika sefa 1,000. Ki sayi alkakin, ba a banza ya yi suna ba.

Garin yana zaune ne a tsakanin manyan duwatsu, kuma kowace unguwa da halinta. Zango na fatake ne tun zamanin ayarin raƙuma. Birni kuwa can ne fadar Sarki, da lunguna matsattsu, da gidajen ƙasa masu zane a fuska waɗanda za su tuna miki da cikin birnin Zariya. A nan aka sauke ni, gidan wata dattijuwa da zumuncin aure ya haɗa mu da ita. Kowa Inna yake ce mata. Ba ta yi boko ba, amma rediyonta ba ya mutuwa daga asuba har ta kwanta, kuma babu labarin duniya da zai wuce ba ta sa masa baki ba. Ba duka na yarda da ita ba, sai dai na fi fahimtar garin a kan tabarmarta fiye da yawon da aka yi da ni.

Siyasar Inna daga 1926 ta faro, shekarar da Faransawa suka ɗauke hedkwatar Nijar daga Damagaram suka mai da ita Yamai. Ba a haife ta ba a lokacin, amma tana ba da labarin kamar jiya aka ƙwace mata akuya. Za ta lissafa miki Sarki Tanimu da ya gina ganuwa ya ƙera igwa, da Amadu Kuran Daga wanda a zamaninsa aka kashe wani kyaftin ɗin Faransa a 1898, har suka dawo da yaƙi suka ci garin a 1899. A ganinta tun daga nan aka sa musu ido. Shi ya sa har gobe ba ta huce ba a kan Mahamane Ousmane, ɗan garinsu, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a 1993, soja suka tumɓuke shi a watan Janairun 1996. Na tuna mata cewa a lokacin shi da firayim ministansa ko ga-maciji ba sa yi, har aikin gwamnati ya tsaya cik. Sai ta ce, "Ɗiyata, miji da mata ma suna faɗa, wa ya taɓa aiko musu da soja?" Ban sami amsa ba, ko da yake na san son kai na ɗan gari yana cikin maganar.

Inda muryarta ta canja shi ne da muka zo kan 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su. Mu a nan labari muka ji a rediyo. Ita kuwa ɗiyarta da ke aure a Kano ta haihu a cikin watannin nan, haihuwar fari. Ke da kika san matsayin uwa a wankan jego, ki auna. An ce mata akwai masu babur da ke bi ta daji da dare, 'ya'yanta maza suka hana, saboda ƙafarta. Sai bayan an janye takunkumin a farkon 2024 ta ɗauki jikan, yana ta ƙiwa yana kuka don bai san ta ba. Matar ɗanta kuma da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, jarinta ya narke tare da ƙanƙarar. Inna ba ta wanke sojan Yamai ba, ba ta kuma wanke shugabannin da suka rufe iyakar ba. Abin da ta riƙa maimaitawa shi ne, a cikinsu duka babu wanda 'yarsa ta yi jego ba uwa. A nan kam ina bayanta ɗari bisa ɗari.

Faransawa kuwa ba ta da wani alheri da take faɗa a kansu. Mahaifinta ya ba ta labarin aikin tilas, ita kuma da idonta ta ga ranar da aka karya darajar sefa da rabi a 1994, kayan masarufi suka tashi dare ɗaya. Da sojojin Faransa suka kammala ficewa a watan Disambar 2023, ta ce ta yi sadakar ƙosai. To amma ga abin mamaki, 'yar'uwa. Wannan matar ce ta tsaya kai da fata cewa jikarta mai shekara 14 ba za a cire ta daga makarantar boko ba, wadda su ke kira lakwal, duk da an fara zuwa da maganar aure. Safiya lakwal, yamma Islamiyya. Dalilinta ba na littafi ba ne. Ta ce shekaru da dama da suka wuce an ba ta takardar magani da Faransanci, ta yini tana neman mai karanta mata, wanda ta samu kuma ya karanta mata ba daidai ba, ta riƙa ba yaronta ninkin abin da aka rubuta. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Tun daga ranar ta ɗauki alkawarin sai an sami mai karanta takarda a cikin ɗakinta, kuma mace, domin namiji fita yake yi.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta fitar da sabon kundi da ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Na zaci za ta yi guɗa. Ta ji daɗi, amma ta ce ita za ta gaskata ranar da takardar asibiti ta zo da Hausa. Sannan ta tuna mini cewa mahaifiyarta Babarbariya ce, kamar yadda asalin gidan sarautar garin yake, ta ce a yi hattara kada Zabarmawa da Buzaye da Fulani su ji irin abin da Damagaram ta ji a kan Yamai. Wannan maganar ban ji ta a bakin 'yan boko da yawa ba.

Mu ma ba mu tsira ba. Tana kallon finafinan Kano, tana ƙorafin cewa rabin maganarmu Turanci ne. Na ce Inna, ku fa? Malamin makaranta mushe, ɗan sanda na hanya jandarma, kwastan duwan. Ta ce wannan ai Hausa ce. (Af, kada ki roƙi biro a can, ofis za a nuna miki. Abin rubutu bik ne.) 'Yan Sin da suka gina matatar mai a arewacin garin a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ta yaba musu da aiki da kuma iskar gas da ta raba ta da hayaƙin itace. Laifinsu ɗaya a wurinta, ba a taɓa ganinsu wajen ta'aziyya ba. Ta kuma tambaye ni yadda aka yi garin da ke tace fetur yake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, tambayar da ta fi ƙarfina.

Ana gobe zan taho, bayan Magariba, wata maƙwabciya ta yi sallama da goyo a baya da kwalbar magani a hannu. Ba ta ma zauna ba. Inna ta ƙwala wa jikar tata kira, yarinyar ta fito da fitila, ta juya kwalbar ta karanta, ta ce rabin cokali ne, sau uku a rana, bayan an ci abinci. Inna ta sa ta sake karantawa, sannan ta bar matar ta tafi.